Taku Goma Sha Huɗu Zuwa Rijiya

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Gashuwa, an ba mu aikin gina gida a cikin kwamfuta, irin wanda mutum zai ɗaura wani gilashi mai kama da akwati a fuska, ya ga kamar yana tsaye a ciki. Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi ginin da ya sani. Na zaɓi gidanmu na Nguru, na bayan tashar jirgin ƙasa, wanda ruwan damina ya rushe shekara biyu kafin nan. Baba magini ne, shi ya gina shi da hannunsa. Tun da gidan ya faɗi Baba ya dawo wurin yayata a Gashuwa, kuma ba ya son a yi masa zancen gidan.

Hotuna shida na samu a wayoyin 'yan'uwa, duk na biki da suna, mutane sun tare rabin bango. Da su na tayar da zaure, ɗaki uku, rumfa da rijiya. Wannan bai ba ni wuya ba. Abin da ya gagare ni shi ne nisa. Kafin ido ya yarda da abin da yake gani, sai kwamfuta ta san tazarar kowane abu daga inda mutum yake tsaye. Takan fitar da wani hoto toka-toka, na kusa ya yi fari, na nesa ya yi duhu, daga shi a haɗa wa idon dama nasa hoton, na hagu nasa. Ni kuwa duk sanda na sa gilashin sai in ji gidan ba namu ba ne, na rasa dalili.

Wata Asabar da hantsi na aro gilashin na kai gidan yayata. Na daɗe ina jujjuya maganar kafin na ce, "Baba, ko za ka duba min wani abu? Aikin makaranta ne."

Na ɗaura masa. Ya miƙa hannu kamar zai dafa bango. Ni kuwa ina tsoron kada na fama masa ciwo. Can ya cire.

"Wa ya yi wannan ginin?"

"Ni ce, Baba."

"Uwata, kin matse tsakar gidan. Daga bakin zaure zuwa rijiya taku goma sha huɗu ne, ke kin sa kamar tara. Rumfar ma ta yi ƙasa, da haka take da kullum sai na sunkuya."

Na buɗe masa hoton nan toka-toka, na yi masa bayani. Ya ƙura masa ido, ya ce ashe na'urar ma awo take yi, igiya ce kawai ba ta riƙe ba. Daga ranar kullum da la'asar sai mu zauna, yana faɗa ina gyarawa. Da muka zo kan bangon gabas sai ya yi kokwanto, ya ce ba zai faɗi abin da bai tabbatar ba.

"Gobe mu je Nguru mu auna," in ji shi.

Muka shiga motar haya. Rabonsa da unguwar tun ranar da aka kwashe kaya. Maƙwabta suka yi ta fitowa gaisuwa, shi kuwa yana ta taka kangon yana ƙirgawa, ina biye da shi da littafi. Ya tsuguna ya tone gindin bango da tsinke, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce harsashin nan lafiyarsa ƙalau.

Bayan kaka aka shiga sake gina gidan, aka fara da zaure. Ƙarfinsa bai kai na ɗaukar bulo ba yanzu, a kujera yake zama yana nuna wa magina. Na ci jarrabawar, amma aikin bai ƙare ba, don duk ɗakin da za a tayar sai ya sa na fara gina masa shi a kwamfuta, ya shiga ya duba. Satin jiya ya sa na matsar da tagar ɗakin Inna, mahaifiyarmu, kamu biyu, wai don ta riƙa samun iskar yamma.