Shuɗin Ruwan Kalilu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin manyan motoci na bakin bodar Jibiya ya ga aikin Kalilu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai zanen nan na bayan tirela, tsauni kore shar, ruwa shuɗi na zubowa daga samansa zuwa cikin kwari, ga wata siririyar hanyar ƙafa tana hawa ta gefe, da ɗan mutum a kanta riƙe da sanda. Direbobinmu da na Maraɗi duk wajensa suke zuwa. In 'yan duwan, wato kwastan, suka riƙe mota, kafin takardu su fito Kalilu ya gama mata tsauni.

Ni facin taya nake yi, rumfata na jikin tasa tun muna da baƙin gashi, saboda haka na san abin da direbobin ba su sani ba. Kalilu bai taɓa zuwa inda ake da irin wannan ruwa ba. A jikin kalandar wani kanti ya ga hoton yana yaro, ita ma kalandar rana ta ci rabinta. Sauran duk daga kansa ya ƙaro. In na tsokane shi na ce, "Wanga ɗan mutum mai sanda, yaushe za shi kai sama?" sai ya ce, "Ka yi facinka. Ni ne, kuma ina hanya."

Gidansa yana Gangara, kuma bayan gidan akwai wani kwazazzabo da zaizayar ƙasa ta haƙa. Kowace damina sai ya ƙara cin gaba. Ya cinye gonar gujiyarsa, ya cinye bishiyar kurna, ya doso katanga. Matarsa Salmatu ta yi magana har ta gaji a kan a tare shi da buhunan yashi. Shi kuwa Kalilu ko kallon wajen ba ya yi. In ruwan sama ya sauko, ya ji rugugin a bayan gida, sai ya ja tsaki ya rufe taga ya ce ƙazamin ruwa ne.

Bara idonsa ya fara ba shi matsala. Da farko gefe-gefe ya daina gani, har ya riƙa yin tuntuɓe da gwangwanin fenti. Likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara, abin da ya tafi ya tafi, saura ma yana kan hanya. Da ya dawo bai yi mini zancen magani ba. Cewa ya yi, "In duhun nan ya zo, abin da ka gani ƙarshe shi ka zama da kai. Ni so nike in ga ruwan nan na gaskiya, in tahi da shi." Na so in yi masa dariya kamar yadda na saba, amma tausayi ya hana ni.

Wani direba, Badamasi, wanda Kalilu ya yi wa motoci uku zane, ya ce zai kai shi, ai yana kai kaya Jos, kuma ya san wani wuri a cikin duwatsun can. Ya ba da shawara a bari sai tsakiyar damina, lokacin da ruwan ya cika. Ni aka ɗora wa riƙe masa hannu.

Wallahi ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Daga inda mota ta tsaya sai tafiyar ƙasa, hanya siririya tana hawa tsakanin duwatsu, ga santsi, ga gwiwa ta tsufa. Muka riƙa cin karo da samari da 'yan mata 'yan birni, da jakunkuna a baya da takalma masu tsada, wai yawon motsa jiki suka zo. Mu da muka girma muna gudun tafiyar ƙasa, ga masu hali sun baro motocinsu sun zo nemanta. Kalilu bai kula su ba. Ya sami sanda ya dogara, yana haki yana murmushi, yana ce mini, "Ka gani ko? Hanyar tana nan, yadda na zana ta."

Tun daga nesa muka fara jin rugugi. Da muka zagaya wani dutse sai ga kwarin a gabanmu, ruwa na faɗowa daga sama da ƙarfin gaske. Ruwan ja ne, kamar kunun kanwa, ya kwaso laka da karare da duk abin da ya tarar a hanya. Damina ce, dama haka zai kasance, amma babu wanda ya yi tunanin gaya masa.

Kalilu ya daɗe yana juya kai, yana neman wurin da ɗan sauran ganinsa. Can ya ce, "Badamasi, shi ke nan?"

Badamasi ya ce, "Shi ne, Malam Kalilu. Ka ga ikon Allah?"

Ya ce, "Wanga ai shi ne na bayan gidana."

'Yan birni na ta ɗaukar hoto suna ihu. Mu kuwa muka juyo.

Da ya koma aiki sai ya ce shi ya daina ƙarya. Motar farko da aka kawo, ya haɗa jan fenti da ruwan ƙasa ya zuba mata ruwa na gaskiya. Mai motar, wani mutumin Maraɗi, ya zo ya gani ya riƙe baki ya ce, "Malam, ambaliya na ce ka zana min? Ka maida min shuɗina!" Haka ya goge ya mayar, ransa a ɓace. Bai daɗe ba ma ya ajiye buroshi, don kafin wata damina ganin ya ƙare gaba ɗaya.

Bana da ruwa ya kankama na je Gangara duba shi. Salmatu ta tare ni a zaure tana faɗa. "Ka zo ka yi wa abokinka magana. Katanga ta tsage, shi kau da an hwara ruwa sai ya ce a kai mai tabarma gindinta." Na same shi a can kuwa, zaune, sanda a kan cinya, kwazazzabon da ya yi rabin rayuwarsa yana zagi yana ta ruri a bayan katangar, ƙasa har rawa take yi.

Na ce, "Kalilu, ka taso, wurin ga ba shi da tabbas."

Ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru. Na zauna kusa da shi. Da na kasa haƙuri sai na tambaye shi abin da na daɗe ina jin tsoron tambaya, wai wane ruwa ne ya zauna masa a ido, na gaskiya ko na zanensa.

Ya ce, "Nawa. Ƙara ce kawai ban da ita, ga ta kuwa har gida."

Na ce, "To wane launi ne?"

Ya ce, "Shuɗi mana. Kai ba ka gani?"