Ɗanyen Tumatir Daga Garkar Kawu

A shekarata ta biyu a Lyon ina zaune a wani ɗan ɗakin ɗalibai a Villeurbanne, kusa da inda tram, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, ke tsayawa. Da safe in tafi labo, ɗakin binciken da nake karatu a ciki, da yamma in dawo, ranar Lahadi kuma in hau bis zuwa Rillieux-la-Pape wurin Kawu, yayan mahaifiyata. Shi ma karatu ne ya kawo shi daga Maradi tun ba a haife ni ba, ya yi aiki a wani ɗakin gwajin jini har ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, ɗiyarsa tilo tana aure a Saint-Denis. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne wata 'yar garka da ya samu cikin ƙananan filayen da ake raba wa mazauna unguwar, can bayan dogayen benaye.

Maƙwabcinsa a garkar wani dattijo ne ɗan Fotugal, tsohon magini, gajere mai manyan hannuwa. Babu shinge tsakaninsu sai wata igiya da ta riga ta kwanta ƙasa. Tiyo ɗaya suke ban ruwa da shi. Kawu ya zo da shayi, shi ya zo da burodi, su kifa bokiti su zauna suna gardamar ruwan sama da ƙwallon ƙafa. Sun fi shekara goma a haka.

Tumatirin Kawu yana da asali. Marigayiya matarsa ce ta zo da irin daga fadamar gidansu, kuma kowace shekara yakan bar mafi kyau su nuna sosai a jikin uwarsu, ya matse 'ya'yan, ya shanya a kan jarida, ya ajiye don shekara mai zuwa. A wannan shekarar ruwa ya yi yawa, wata cuta ta baƙanta ganyen, yawancin shukar ta lalace. Gindi biyu ne suka tsira, ɗauke da manyan tumatir tara, kore shar, masu tauri. Kawu ya ɗaura wa kowane gindi jan tsumma.

Da ɗiyarsa ta haihu, ya shirya tafiya Saint-Denis zai yi sati biyu. Ya ba ni makullin ƙofar garka, ya kai ni gaban gindin nan biyu.

"Ɗiyata, duk abin da kika gani ki ɗiba, salati, albasa, komi. Waɗannan masu tsumma na iri ne. Ruwa kawai za ki ba su, a gindi, kada ki jiƙa ganyen."

Na ce, "To Kawu, na ji."

Na ji ɗin kuwa. Ba zan iya cewa ban fahimta ba.

Watanni kaɗan kafin nan na je wani taro a Paris, na sauka gidan wata ƙawata likita 'yar Kaduna wadda ta yi karatu a Amirka. Ta kawo mana irin ɗan abin nan da ake fara ci kafin babban abinci, wanda Faransawa ke kira entrée: soyayyen ɗanyen tumatir, an jera shi da mozzarella, wani farin cuku mai laushi da ake sayarwa cikin leda da ruwansa. Bayan tumatirin yana ƙaras-ƙaras, cikinsa da ɗan tsami kamar na gauta, cukun kuma ya ɗan narke don zafin. Ban taɓa tunanin ana cin tumatir kafin ya nuna ba. Abin ya zauna mini a rai.

Daidai tafiyar Kawu ne aka zo kaina a zagayen cin abincin da muke yi da abokan aikina na labo. Kullum sai su ce in dafa musu abincin ƙasarmu, ni kuma na gaji da zama mai miyar gyaɗa. Ina so su ga na san wani abu daban. Na zaga kasuwar unguwa da manyan kantuna biyu neman ɗanyen tumatir. Wata mai sayar da kayan miya ta dube ni ta ce, wa zai sayi tumatirin da bai nuna ba?

Ranar Juma'a da yamma na je ban ruwa. Dattijon ba ya nan. Na tsaya gaban gindin nan na ce a raina, guda tara ne, in na cire uku ai shida sun ishi iri. Na cire huɗu.

A ɗaki na kira ƙawata ta gaya mini yadda ake yi. A yanka tumatirin da kaurin yatsa, a barbaɗa gishiri, a bar shi ya tsiyaye. A goge ruwan, a tsoma a fulawa, a tsoma a ƙwai, sannan a birkiɗa shi cikin garin masara mai ɗan tsaki-tsaki. Na ce bari in gwada da ɗaya. Ban yi haƙurin jiran ya tsiyaye ba, garin ya sulluɓe cikin mai. Na gwada na biyu, wuta ta yi yawa, bayan ya ƙone cikin bai dahu ba. A na uku na gane kan abin, na ƙara yaji cikin garin, ya fito ja-ja-ja yadda nake so. Saura ɗaya, baƙina kuma mutum biyar ne.

Asabar da sassafe na sake hawa bis. Na buɗe ƙofar garkar na shiga. Na tsinke sauran biyar ɗin, na sa a jaka, na zuba wa gindin ruwa kamar yadda aka umarce ni, na kulle na tafi.

Abincin ya yi kyau. Na jera tumatir, cuku, tumatir, na ɗora ganyen ɗoɗɗoya a sama, na ɗiga man zaitun. Suka ce ya yi daɗi, ɗaya ta tambayi yadda ake yi, wani ya bar rabin nasa a faranti yana ba da labarin hutunsa. Kafin minti goma an wuce wurin, an koma kan shinkafa da kaza. Yanka shida suka saura. Washegari sun yi laushi sun sha mai, na zuba su a shara.

Ranar da Kawu ya dawo, ya kira ni. Muka gaisa, ya ba ni labarin suna, sannan ya tambaye ni.

"Ɗiyata, yaushe rabonki da garka?"

"Shekaranjiya, Kawu."

"Masu tsumman nan, suna nan da kika je?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Suna nan."

"To. Babu ko ɗaya."

Na yi salati, har na tambaye shi ko yara ne. Ya ce ƙofar a kulle take, kuma an tsinke su ne a hankali, ba a karya reshe ba. Muka yi sallama. Na ajiye wayar na zauna bakin gado, ina gaya wa kaina Lahadi zan faɗa masa ido da ido.

Lahadi ta zo, na iske ya kafa shingen waya tsakaninsa da maƙwabcin, ya sayi tiyonsa daban. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ashe matar dattijon takan dafa ɗanyen tumatir da sukari duk ƙarshen damina, ta cika kwalabe, irin wanda ake shafa wa burodi. Kawu ya haɗa wannan da wancan. Bai tuhume shi da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya dai janye. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu, shayin kuma ya daina fitowa daga gida.

Ina wurin ranar da dattijon ya miƙo kwalba ta saman wayar, yana murmushi, ya ce madam ce ta aiko, na bana ne. Kawu ya dubi kwalbar ya daɗe, ya ce masa da Faransanci ya gode, amma ba zai karɓa ba. Dattijon ya tsaya da hannu a miƙe, ya juyo ya dube ni kamar ni zan fassara masa abin da ke faruwa. Na sunkuya na kama cire ciyawa.

A hanyarmu ta komawa gida Kawu ya ce, "Kin gani ko? Har da kawo mini." Na ce, "Allah ya kyauta." Nan ma da na yi magana da an gyara. Tsoro nake ji kada in zube a idonsa, shi da yake gaya wa mutane ni ɗiyarsa ce mai amana, kuma duk satin da ya wuce maganar sai ta ƙara nauyi.

Da bazara ya binciko wani tsohon iri na shekarun baya a cikin gwangwani, ya shuka, uku suka tsiro. Na ɗauka abin zai wuce, tunda iri bai ɓace ba. Bai wuce ba. Shekara biyu suna noma kafaɗa da kafaɗa ba sa hira, har dattijon ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa suka mayar da shi ƙasarsu. Ni kuma na gama karatu, na samu aiki a Paris.

Sai da aka yi shekara uku na faɗa. Kawu ya zo Saint-Denis ganin jikoki, na je gaishe shi bayan la'asar, na raka shi wani ɗan fili da ke ƙasan benen muka zauna a benci. Ban shirya ba. Yana cikin ba ni labarin sabon maƙwabcinsa wanda ko gaisuwa ba ya yi, sai na ji na ce, "Kawu, tumatirin nan na iri, ni na tsinke su."

Na gaya masa duka, har da baƙin, har da waɗanda na zubar. Bai katse ni ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana duban ƙasa.

"Soya su kika yi?"

"E, Kawu."

"Ɗanyu?"

"E."

Ya girgiza kai. "Da kin faɗa mini ran nan, faɗa zan yi miki na kwana biyu, shi ke nan." Ya juya hular a hannunsa. "Mutumin nan ya ɗauki gawar matata da kafaɗarsa zuwa mota. Ni kuma na mayar masa da kwalba."

Wannan ban sani ba sai ranar. Na yi kuka, bai rarrashe ni ba, bai kuma tashi ya bar ni ba. Da na ce ya yafe mini, ya ce nasa ya yafe, na dattijon kuma ba a hannunsa yake ba. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, don ya yanke wa mutum hukunci bai tambaye shi ba.

Da ya koma Lyon ya samo adireshi daga masu kula da filayen. Ya ce ni zan rubuta wasiƙar, da hannuna, in faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba, shi kuma ya ƙara nasa layi uku a ƙasa. Haka aka yi. Bayan kusan wata biyu amsa ta zo daga matar dattijon. Ta ce ta karanta masa, ya saurara har ƙarshe, amma maganarsa ba ta fita sosai yanzu. Ta ce bai taɓa sanin dalilin ba. Shi a zatonsa wata magana ya yi da ta taɓa addinin Kawu bai sani ba, kuma ya daɗe yana neman wace ce. Ta ce ya ce a gaida mu.

Kawu ya karanta mini wasiƙar ta waya, sau biyu. Sannan ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni ko ina kiran mahaifiyata, muka yi sallama. Ban sake jin labarin dattijon ba, Kawu ma bai sake tayar da zancen ba har ya bar garkar saboda ciwon gwiwa.