Wandon Cocin Baba Saje

Ko na tsufa na zubar da haƙora ba zan manta da Talatar da wandon Baba Saje ya tona mini asiri ba. Ku sababbi da aka raba wa tef ɗin awo yau, ku matso ku ji.

Lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, ba ni da aiki sai zama a shagon ɗinkin Mamata a Zuru ina cinye mata gyaɗa. Sai wasu likitoci suka zo asibiti da bincike kan masu ciwon zuciya, irin wanda zuciya ke gajiya ta kasa tura jini, ruwa ya taru a jiki. Suna son sanin me ya sa wasunsu jini ke daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya je ya toshe hanyar huhu. Aka ce ana neman mai iya tef. Ni kuwa da tef aka ɗaure mini cibiya. Aka ɗauke ni.

Duk Talata waɗanda suka sa hannu suka yarda da binciken sukan zo. Nawa shi ne in ɗora mutum kan sikeli, in auna kaurin sharaɓarsa, wato tsokar bayan ƙwauri, dama da hagu, in rubuta in kai wa Sista Rifkatu, babbar nas da ke kula da mu. Sau uku ta nuna mini, na ce "to" sau tara. Amma a raina dariya nake. Wane tela ne ke auna ƙafa biyu? Mamata ta ɗinka wa rabin Zuru wando da awon ƙafa ɗaya, ba wanda ya taɓa kuka. Saboda haka a bayan labule sai in auna dama, in kwafe lambar a gurbin hagu. Kafin shayin Sista ya huce na gama layi. Mako shida ina haka, har ana yaba mini sauri.

Baba Saje Danladi tsohon soja ne, kuma Mamata ke masa ɗinki. Ranar ya zo ne bayan dawowarsa daga Legas wurin ɗansa, kwana biyu a naɗe cikin mota. Na auna dama, na kwafe, na rufe biro. Sai ya ce:

"Ke ɗiyar tela, ki gaya ma uwarki ta ɓata mini yadi. Wandon cocin nan, ƙafa guda ta shiga, guda ta ƙiya."

"Haba Baba! Mamata ko cikin barci ba ta karkata almakashi."

"Ni zan yi miki ƙarya? Ni da na yi fareti tun uwarki tana..." Sai numfashi ya ƙare masa, ya dafa kujera.

Don in wanke sunan shagonmu kawai na durƙusa na zagaya tef a hagun. Na duba, na goge ido, na sake dubawa. Ta ɗara dama da santimita huɗu, ga zafi kamar dankalin da aka ciro daga toka. Ina taɓawa ya janye, soja guda.

Abin ya ɗaure mini kai. Jiki ɗaya, zuciya ɗaya, me zai sa ƙafa ɗaya ta yi gaban kanta? Sai maganar Sista ta faɗo mini: in ƙafa biyu suka kumbura tare, yawanci ruwan ciwon zuciya ne; in ɗaya ce kaɗai, a kira ta da gudu. To amma ga takardata da biro, dama da hagu kamar tagwaye. In na kira ta, na kira wa kaina sallama. Baba kuwa har ya sa hula, yana cewa matarsa za ta murza masa da man zafi, gobe ya wuce gonarsa ta hanyar Mahuta.

Na ce, "Baba, kada ka motsa! Oda ce!" Na fita da gudun da har yau ba a ga takalmina ɗaya ba.

Sista ta auna da kanta, ta kalli takardar, ta kalle ni.

"Asabe, wannan lambar ta wace ƙafa ce?"

"Ta dama ce, Sista. Duka biyun."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ba ni tef."

Ba ta tsaya faɗa ba. Ta kira likita, aka hana Baba takawa, aka hana murza, aka yi masa allurar da ke hana jini ƙara daskarewa, aka tura shi babban asibiti a yi masa hoto. Hoton ya nuna gudan jini a ƙafar, wani ɗan ƙarami ma har ya isa huhu.

Ni kuwa ba a kore ni ba, amma da na san abin da ke jirana da na roƙa a kore ni. Sista ta zaunar da ni da jan biro, na soke duk lambar hagun da na ƙirƙira, ɗaya bayan ɗaya, har yatsana ya yi kanta. Likita ya ce gara gurbi babu komai da lambar ƙarya, don wasu za su dogara da takardun nan su yi wa mutanen da ba mu sani ba magani.

Bayan wata guda Baba ya zo shagonmu sanye da wandon, ƙafa biyu sun shiga lafiya lau. Ya ƙame ya sara wa Mamata, ya ce, "Madam, na janye ƙara."

Abin da na koya ke nan. Tela yana auna ƙafa ɗaya don ya yarda ɗayar irinta ce. Mu kuwa ranar da ƙafafun za su saɓa muke jira, kuma ba ta aiko saƙo. Saboda haka ku durƙusa sau biyu, gwiwa ba ta ƙarewa.