Sawun Hannu a Bango

Duk wanda ya kira shi gyaran gida ya tambaye shi nawa aikin zai ci, amsa ɗaya yake samu: "Sai na zauna." Da haka sunan ya bi shi, har matarsa idan ya ɓata mata rai Sai-na-zauna take kiransa. Kuma da gaske yake yi. Zai zo da safe da tef ɗin awonsa a aljihu, ya nemi kujera ya zauna a tsakiyar gidanka, yana kallon ta inda rana ke shigowa, da inda ruwan wanki ke kwanciya, da ƙofar da yara suka fi bugawa. Sai rana ta take tsaka zai miƙe ya fara awo. Masu gaggawa na cewa ɓata lokaci ne, shi kuwa ya ce sauri ya haifi nawa.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Ya fara ne da dakon bulo, ya koma kwaɓa siminti, har ya riƙe cokalin gini da kansa. A shekarar da ya fara karɓar aiki nasa na kansa, wani maigida ya ce ya toshe masa wata taga da ke kallon titi, domin a lokacin an daina yayin manyan tagogi. Daga bakin ƙofa ya yanka kuɗi, kafin yamma ya gama. Ashe a gindin tagar nan matar gidan ke ajiye keken ɗinkinta. Bayan mako biyu ya biyo ta layin, ya hango ta a waje cikin rana tana fama da zare da allura, ɗakin ya yi mata duhu. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya dawo ya fasa tagar da kuɗin aljihunsa, kuma tun daga ranar bai sake faɗin farashin gidan da bai zauna a cikinsa ba.

Shekara talatin ke nan yana wannan sana'a. Bai yi arziki ba, babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi. Amma ban taɓa jin wanda ya ce silin ɗin da ya yi ya faɗo, ko tayil ɗinsa ya ɗaga ba, kuma a wannan zamani da ake gyaran gida don a ɗauki hoto, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata rana wata matashiya ta kira shi gidan mahaifinta. Ita ce autar gidan, kowa Auta yake ce mata. A wani gari take aiki, sai ƙarshen mako take leƙowa. Shekara biyu ta yi tana tara kuɗi don ta gyara wa tsohon gidansa, tunda mahaifiyarta ta rasu ya zauna shi kaɗai, wata maƙwabciya ke kawo masa abinci. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin da ya yi shekara arba'in a kan hanya bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Auta ta zaro waya ta shiga nuna hotuna.

"Malam, ka ga wannan bangon da ya raba falo da hanyar ɗakuna? Rushe shi za a yi, wuri ya buɗe. A sa tayil mai sheƙi, irin wanda mutum ke ganin fuskarsa. Ƙofar baranda a mayar da ita ta gilas mai zamewa. Fenti kuma ruwan toka, shi ake yayi yanzu. Nawa zai ci?"

"Sai na zauna," in ji shi.

Washegari ya zo ya zauna. Abin da ya fara ɗaukar idonsa shi ne wani dogon layin dauɗa a jikin bangon da za a rushe, daidai ƙugun mutum. Daga ƙofar ɗakin tsohon ya faro, ya bi bangon har bakin banɗaki, ya karya kwana ya nufi baranda. Auta ta riga ta nuna masa shi jiya, tana cewa, "Dubi ƙazanta, don Allah." Amma gidan ba yara, kuma dauɗar yara ba ta tafiya a miƙe haka.

Can sai tsohon ya fito daga ɗakinsa, tsaf da shi, kai a ɗage. Yatsunsa na dama suna shafar bango a kan layin nan daidai, kamar mai wasa. Da ya zo dokin ƙofar baranda bai duba ƙasa ba, ƙafarsa ce ta taɓa shi ya tsallake. Ya zauna a kujerarsa, ya miƙa hannu ya ɗauki rediyo a inda take.

Sai-na-zauna ya tashi yin awo, ya janye wani ɗan teburi daga gindin bango kamar taku ɗaya, ya manta bai mayar ba. Da tsohon ya taso zai koma ɗaki, sai ji kake ƙum, ya buga ƙaurinsa da teburin da ke gabansa ƙiri-ƙiri da rana tsaka.

"Gwiwar nan ce," in ji tsohon da sauri. "Ba ta jin magana yanzu."

Sai-na-zauna ya mayar da teburin, ya durƙusa kusa da shi, ya rage murya.

"Baba, tun yaushe?"

Tsohon ya sauke numfashi.

"Shekara ɗaya da wani abu. Haske nake gani da inuwa, shi ke nan. Magini, ka rufa min asiri. Idan yarinyar nan ta ji, ɗauke ni za ta yi ta kai ni gidanta, hawa na uku, a zaunar da ni kamar kaya. A nan na san takuna. Goma sha ɗaya zuwa banɗaki, bakwai zuwa baranda. Idan kuka rushe bangon nan, kun rushe min ido."

Tausayi ya kama maginin. Ya ce, "Baba, bakina ba zai faɗa ba. Amma kai ya kamata ka faɗa. Wani ciwon idon ana wanke shi a asibiti."

"Zan faɗa. Ba yanzu ba."

Ranar Asabar Auta ta dawo, maginin ya shimfiɗa mata bayani. Bai yi mata ƙarya ko ɗaya ba, gaskiya ya zaɓo wadda za ta yi masa aiki. Bangon nan shi ke ɗauke da rufi, idan aka cire shi sai an zuba ƙarfe da kankare a sama, kuma da tsadar siminti ta yanzu wannan kaɗai zai cinye rabin abin da ta tanada. Ga kwanon rufin yana yoyo a wuri uku, ga wayoyin wuta sun tsufa. Tayil mai sheƙi kuwa, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kayar da tsoho. Ƙofar gilas ma ya ce a bar ta katakon, a gyara mata marfi.

Fuskar Auta ta canja.

"Wato duk abin da na ce ba ko ɗaya? Malam, ni na tara kuɗin nan fa. Akwai wani matashi da ya ga hotunan, ya ce cikin mako uku zai yi min komai yadda yake a waya."

Maginin ya san irinsu, ba mugaye ba ne, abin da aka nuna musu suke yi. Guduma za su sa, kafin azahar bangon ya zama tarihi, tsohon ya tashi a gidan da ya gina da guminsa ya rasa hanyar banɗaki. Ga shi ya yi alkawari ba zai buɗe baki ba. Sai ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya zaftare kashi ɗaya cikin uku na ladan hannunsa, ya ce kuma zai yi mata silin mai ƙananan fitilu irin na hoton, ya bi gidan ɗaki-ɗaki don kada a tayar da Baba daga wurinsa.

Tsohon ya sa baki daga baranda, "Auta, ni dai wannan maginin nake so. Hirarsa ta yi min."

Ta yarda, amma ba da daɗin rai ba.

Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa nawa ya rage, sai ta riƙe haɓa. "Wasu na zama su ƙirga riba, kai kana zama ka ƙirga asara. Allah ya sa babur ɗin ya ji labari ya daina shan mai." Ya yi dariya kawai, bai gaya mata dalili ba, don asirin ba nasa ba ne.

Mako biyar aka yi ana aiki. Kowace yamma kafin ma'aikata su tashi sai ya tabbatar ba bokiti ko tsani a kan hanyar tsohon, kowace kujera ta koma inda take. Mai gyaran wuta ya so ya ɗaga makunnai sama yadda ake yi yanzu, ya hana shi. Tayil ya zaɓo marar santsi, kuma a bakin banɗaki da bakin baranda ya jera layi ɗaya na mai ƙurji-ƙurji, yadda tafin ƙafa zai gane an iso. Kafin mai fenti ya shafe layin dauɗar nan, ya auna tsayinsa daga ƙasa, ya sa kafinta ya fere siririn katako, aka goge shi sumul, aka kafa shi a kan sawun hannun daidai, daga ƙofar ɗaki har baranda.

Auta ta zo ta gani, ta ɗan karkata kai.

"Wannan katakon fa? Shi ake yayi?"

"Za a yi," in ji shi.

Ranar da aka gama, tana tsaye a falo tana duba ko'ina, shi kuma yana harhaɗa kayan aikinsa a buhu. Gidan ya yi kyau, ko ita ba ta musa ba. Ta kira mahaifinta ya zo ya gani. Tsohon ya fito, yatsunsa a kan katakon, yana tafiya da ƙarfin gwiwa fiye da da. Ya tsaya tsakiyar falo ya ɗaga kai yana juyawa.

"Kai, Auta, Allah ya yi miki albarka. Ruwan tokar nan ya zauna da kyau."

Hannun maginin ya tsaya a bakin buhu. Ruwan toka ya ƙare a shago tun makon jiya, Auta da kanta ta bugo waya ta ce a sa kore mai haske. Ba wanda ya tuna ya gaya wa tsohon.

Auta ta dubi bangon, kore shar. Ta dubi mahaifinta. Sannan idonta ya sauka kan katakon, ta bi shi da kallo tun daga ƙofar ɗaki, ya wuce banɗaki, ya karya kwana zuwa baranda, daidai inda dauɗar nan take a da. Ta dubi layin tayil mai ƙurji a ƙasa. Hawaye suka zubo mata, ta toshe baki da mayafi don kada ya ji.

Amma tsohon kunnensa garau yake. Ya ce a hankali, "Ba toka ba ne, ko?"

"Kore ne, Baba."

"To," in ji shi. "Zo ki zauna, akwai maganar da na daɗe ina so in gaya miki."

Sai-na-zauna ya saɓa buhunsa ya fice a hankali, don wannan zaman ba nasa ba ne. Yana ta fama da babur a ƙofar gida sai ga Auta ta fito, ido jawur.

"Malam, ka sani tun farko."

"Bango ne ya gaya min, 'yata."

"Ni kuma na ce ƙazanta ce." Ta share fuska. "Litinin za mu je asibiti. Ya ce ba zai bi ni ba, nan zai zauna, na kuma yarda. Abin da ka rage a ladanka zan cika maka, kada ma ka ce a'a. Sannan ina so katakon nan ya zarce daga baranda har bakin ƙofar gida, ya riƙa fitowa yana shan iska da mutane. Nawa zai ci?"

Ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai ya fasa.

"Wannan na riga na zauna," ya ce. "Taku goma sha tara ne. Gobe da safe zan zo da kafinta."