Wayar da Maikano Ya Ɗaura

Maikano ɗan ƙauyen Indabo ne, a ƙasar Wudil. Shekara bakwai ya yi a birni yana bin masu aikin lantarki, ya dawo Wudil a 1956 da filaya da sukudireba da ilimi ɗaya tak, amma ya san shi sarai: kowace waya da iya wutar da za ta ɗauka. In aka miƙa masa waya sai ya feɗe bakinta, ya ƙirga sili, ya ce wannan ta inji ce, waccan kuwa fitila kaɗai za ta riƙe.

Ya auri Hansai, 'yar Alhaji Gwadabe mai sayen gyaɗa. Alhaji na da ƙaramin injin ɓarar gyaɗa da janareto ke ba shi wuta. Da kaka ta zagayo ya sayo babba mai ƙarfin doki goma, ya ce a haɗa shi da tsohon akwatin kunnawa. Maikano ya buɗe akwatin, ya ga wayoyin ciki kamar tsinken tsintsiya. Ya san za su narke.

Amma mutum ba ya musu da surukinsa. Sai ya bi ta hannun Labaran, ƙanen Alhaji, ya ce a gaya wa Alhaji gobara za a yi. Labaran ya tausasa maganar har ta koma "in an samu hali, wata rana a sake waya."

Alhaji ya aika a kira shi. Maikano ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Mijin Hansai, an ce wayata ba ta yi maka ba?"

"Baba, ta ɗan yi siriri ne."

"Kai ma siriri ne, na kuma ba ka 'yata. Jibi kasuwa, na ce wa mutanen Achika su kawo gyaɗarsu. Je ka ɗaura."

"To, Baba."

Ya ɗaura. Dabarar da ta rage masa ita ce ya sa ƙaramin fis, don ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Ranar kasuwa fis ya tsinke sau biyu a gaban baƙi. Maikano ya tafi gida ɗauko wani, Labaran ya cusa ƙusa a gurbin. Kafin azahar robar wayar ta narke, wuta ta kama tulin ɓawo, ta cinye rumfar injin da gyaɗar mutane.

Alhaji ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Laifina ne da na ba shi aiki don kawai nawa ne." Maikano na durƙushe, bai ɗago ba.

A gida Hansai ta ce, "Malam, kai ba ka da baki ne? Ka faɗa musu mana!"

"In ƙaryata mahaifinki a bainar jama'a?"

"To riƙe kunyarka, ita za mu riƙa tuƙawa."

Daga ranar babu wanda ya sake ba shi ko kan fitila ya gyara. Facin keke ya koma yi a bakin titi, a kansa ya tsufa, yara na kiransa Mai Gobara.

Alhaji kuwa ya sayi wani injin, ya ɗauko ma'aikaci daga Kano. Mutumin ya leƙa akwatin kunnawar da aka samo wa sabon injin, yana tsaye da takalminsa, ya ce wayar nan ta yi siriri. A ranar aka sake ta.