Doña Nélida da Ƙullin Don Ítalo

Da hantsi, in aka ɗaga ƙyauren ɗakin wasan darar ces na unguwarmu a nan Rosario, mutum na farko da ke shiga Doña Nélida Zabaleta ce. Ba ta doguwar gaisuwa. Sai ta ɗora buta a wuta, ta cika ɗan duman shan mate, shayinmu na nan, da ganye, ta goge tabaranta da gefen riga, sannan ta kunna tsofaffin kwamfutocin nan biyu na ƙuryar ɗaki, masu huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya. Kusa da su akwai allon dara na katako da 'ya'yansa, baƙin dokinsa ɗaya ya rasa kunne tun kafin wasunku su zo duniya. A nan take zama har rana ta karkata. Haka muka san ta kusan shekara ashirin, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, domin idonta ya gaji.

Yaran yanzu suna ciro waya daga aljihu, inji ya gaya musu inda za su tura doki, su yi ta ɗaga kafaɗa kamar su suka yi tunanin. Ba su taɓa tambayar wa ya tabbatar injin ba shirme yake musu ba. To ku saurara. Akwai mutane warwatse a duniya da ke ƙera injin nan mai buga darar ces, suna ba da shi kyauta. Duk sanda suka taɓa wani abu a cikinsa, dole a samu mai gwada shi, a ga hankali ya ƙaru ko raguwa ya yi. Abin gwajin shi ne ƙulli: a jera 'ya'yan dara a wani tsari mai wuya, inda fari ke da hanya ɗaya tak ta cin wasa, a ce wa inji nemo ta. In ya samo, a rubuta ya ci. In ya kauce, a rubuta ya faɗi. Akwai jerin irin waɗannan ƙulle-ƙulle da masu gwaji ko'ina ke aiki da shi, kuma Doña Nélida na cikin masu riƙe da shi, ba albashi, ba lambar yabo.

Kafin wannan, a tashar jiragen ruwa ta yi aiki, tana auna danshin alkama da waken suya kafin a loda. Waɗanda suka yi dako a wurin sun shaida ba ta taɓa yarda da saman buhu ba, sai ta soka ƙarfen awo har ƙasa. Halin da ta shigo da shi ɗakin dara ke nan. Sauran masu gwaji, in inji ya ba da amsar da ba ta mai ƙulli ba, sai su rubuta ya faɗi su wuce gaba. Ita kuwa sai ta jera ƙullin a allon katako, ta ɗauki baƙi, ta ce wa injin to bismilla, kayar da ni ta hanyar taka in kana da gaskiya. Sai ta ga ya kasa da idonta take rubutawa.

Ke ce mai soka ƙarfe har gindin buhu, Nélida. Ke ce ba ki taɓa yi wa inji ƙarya ba, shi da ba zai iya kai ƙararki ko'ina ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban yi nisa a makaranta ba, shi ne abin da ya faru tsakaninta da Don Ítalo Bregante a bara.

Don Ítalo tela ne, ya haura tamanin. A ƙuruciyarsa ya ɗaura wani ƙulli da ya zama abin alfaharin unguwarmu. Fari yana ba da sarauniyarsa a banza, a ci ta, sannan ya yi ta 'yan tafiye-tafiye kamar mai jiran mota, sai can baƙi ya farga ba shi da wurin motsi. Injuna ba sa son ba da sarauniya ba tare da sun ga abin da za su samu ba, don haka shekara da shekaru suna faɗuwa a kansa. Ƙullin ya shiga jerin gwaji na duniya, kuma a ƙarƙashinsa, kamar yadda masu ƙulli ke yi, an rubuta wadda aka yi shi dominta: Herminia, matarsa. Tun da ta rasu ya rufe shagon ɗinki. Ba ya fita sai ranar Asabar, ya zo ya tsaya bayan kujerar Nélida da sandarsa ya tambaya ko ɗan iskan injin nata ya sake faɗuwa. Ta ce ya faɗi. A yi tafi, ya ɗaga hula, ya koma gida ya jira wata Asabar. Iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Sai aka turo sabon inji. Nélida ta ba shi ƙullin, bai ko kalli sarauniya ba. Sai ya ja farin sarki baya taki ɗaya, zuwa kusurwa, ya ce fari ya ci. Ta jera a allon katako kamar kullum, ta ɗauki baƙi. Ya kayar da ita. Ta sake ta wata hanya, ya kayar da ita. Ta kwashe kwanaki tana neman inda zai yi tuntuɓe, ba ta samu ba. Ashe ƙullin yana da hanya ta biyu. A ƙa'idar masu wannan sana'a kuwa, ƙullin da ke kwancewa ta hanya biyu ya lalace. Cire shi ake yi daga jeri, da shi da sunan da ke ƙarƙashinsa.

Rubén, mai shagon nama, wanda muke kira Tulu saboda cikinsa, shi ya fara lura ta daina cin burodinta. Da ta gaya masa, sai ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya rage murya, abin da bai saba ba.

"Nélida, ki rubuta ya faɗi mana. Amsarsa ba ta Don Ítalo ba ce, ai faɗuwa ce. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji ta. "Kuma in na rubuta haka, mutanen can za su je su yi wa inji magani a inda ba shi da ciwo."

"To su yi ta yi. Inji na da mata ne da ta mutu? Tsohon nan kwana nawa ya rage masa? Ki bar shi ya tafi da abinsa."

Waɗanda ke wurin sun ce ta daɗe tana juya dokin nan mai kunne ɗaya a hannunta. Kada wani ya ɗauka ba ta ji zafin maganar ba. Herminia ce ta ɗinka mata rigar aurenta.

Abin da ta yi shi ne ta ƙi aika wa sauran masu riƙe da jerin komai sai mai abu ya ji daga bakinta. Da la'asar, bayan mutane sun tashi daga barcin rana, ta saɓa allo a hammata, ta sayi burodi mai zaƙi a kwanar layi, ta buga ƙofar Don Ítalo. Ya yi murnar ganinta, ya share teburin yankan yadi da hannun riga. Ta jera ƙullin, ta ja farin sarki baya taki ɗaya, ta naɗe hannu.

Ya yi dariya, ya ce yarinya, zafi ne ya taɓa ki? Yarinya yake ce mata, ita da jikokinta sun yi aure. Ya ɗauki baƙi don ya nuna mata kuskurenta. Ta bi shi da tafiyar da ta haddace wurin inji, ya faɗi. Ya sake jerawa, ya faɗi. Dariyar ta ƙare. Da hasken taga ya fara ja baya sai ya tambaye ta, ita ta gano hanyar ko injin. Ta ce shi ya gani, ita ta tabbatar. Ya tambaya ko ta aika. Ta ce a'a, amma za ta aika.

Ya kwashe 'ya'yan darar ɗaya bayan ɗaya ya zuba a akwati, ya tura mata.

"Ɗauki burodinki ki tafi."

Ta ɗauka ta tafi. Washegari ta aika, aka cire ƙullin.

Asabar ta zo Don Ítalo bai zo ba, ta gaba ma haka. Aka fara cewa ba ya cin abinci. A nan ne mazan ɗakin nan, manya da furfura, suka yi abin da ko yara ba za su yi ba. In Tulu yana zuba mate, duma ɗayan da kowa ke sha a ciki ya zagayo, sai ya tsallake Nélida ya miƙa wa na gaba da ita. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da wannan ke nufi. Gara a zage ka. Na gaya musu a fuskarsu abin kunya ne, suka kalli ƙasa, washegari suka sake. Ta kawo nata duman daga gida, ta riƙa sha ita kaɗai tana fuskantar bango, tana ci gaba da gwajinta. 'Yarta ta ce a kwanakin nan, in ta tashi aiki, sai ta bi ta layin Don Ítalo, hanyar da ba tata ba, don kawai ta ga ko an buɗe taga.

Ke ce kika ɗauki wannan kaya ba ki sauke wa kowa ba. Da ya mutu a makonnin nan, da har ki bar duniya ana nuna ki da baki, kuma kin san haka tun kafin ki buga ƙofarsa.

Wata ranar Laraba, ba Asabar ba, sai ga ƙarar sanda a ƙofa. Ya rame, gemu ya fito masa, amma ya ɗaura lakatayal. Tulu ya yi wuf ya cika duma, ya tsallake Nélida kamar yadda ya saba, ya miƙa wa tsohon. Don Ítalo ya kalli duman, ya mayar masa ba tare da ya kai baki ba.

"Ka tsallake mutum, Tulu. Kitse ne ya rufe maka ido?"

Tulu ya juya ya miƙa wa Nélida. Tsohon ya jira ta sha, sannan ya juyo kanmu. Ya ce shekara nawa muna tafa masa a kan rigar da ke da ɓaraka a hammata, ba wanda ya ɗaga hannun rigar ya duba. Ya ce Herminia, ko layin ɗinki ɗaya ne ya karkace a ciki inda mai riga ba zai gani ba, sai ta sa shi ya warware. Da tana nan, ita za ta fara cewa a cire sunanta.

Daga nan ya zauna a gaban allon katako, ya jera ƙullinsa, amma ya matsar da baƙin soja ɗaya gaba don ya toshe wa sarki kusurwar nan. Ya ce wa Nélida, ba wa ɗan iskan naki wannan. Kafin ruwan buta ya yi zafi inji ya fasa shi ta wani gefe. Don Ítalo ya ɗura masa zagi da Italiyancin kakarsa, ya sa hula ya fita. Washegari ya dawo da wani gyaran.

Har yau da nake rubutun nan ƙullin bai gyaru ba. Ba zan yi muku ƙarya a kan matar da ba ta ƙarya ba: mai yiwuwa ba zai taɓa gyaruwa ba, kuma sunan Herminia bai koma jeri ba. Amma mutumin da a da ke fita sau ɗaya a mako don ya ji tafi, yanzu kullum yana bakin ƙofa kafin a ɗaga ƙyaure, ya yi aski, yana mita an makara.

Mun gode, Doña Nélida. Allah ya saka miki, ya hutar da idanun nan da kika ƙarar a kan aikin da ba wanda ya sa ki. Ku kuma masu tasowa, kujerarta tana nan, kwamfutocin suna nan suna huci. Wanda zai zauna a kai ya sani ba wayo ake nema ba, inji ya fi ku wayo. Wanda ake nema shi ne mai iya ɗaukar allo ya je gidan wanda yake ƙauna, ya gaya masa abin da ba ya son ji, ya tsaya har a kore shi.

Na karanta wa Don Ítalo wannan kafin in kai a buga. Ya ce in ƙara abu ɗaya: Nélida ta ajiye aikin jerin gwajin duniya in ta ga dama, amma nasa bai sallame ta ba, ranar Litinin yana tafe da wani gyaran.