Furen Namijin Dabino

Ina shekara goma sha biyar Baba ya ce gwiwarsa ta gaji da hawan dabino, bana ni zan hau. Wayyo daɗi! Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Gonarmu tana cikin wani kwari a bayan Gure, tsakanin tuddan rairayi. Dabinonmu tara duk mata ne, kuma macen dabino ba ta yin 'ya'yan kirki sai an hau an saka mata furen namiji. Baba ya je har Gidigir ya samo damin fure ɗaya tak, ya naɗe shi a tsumma kamar jariri.

"Sili uku-uku za ka tsinka ka cusa wa kowace," in ji shi. "Kada ka girgiza shi, garin da ke jiki shi ne dabinon bana."

Na ɗaura damin a baya na haye mafi tsawonsu. Ƙaya ta tsaga mini hannu, ban ma ji ba. Daga can sama ina hango rufin lakwal ɗinmu, wato makaranta, da raƙuma ƙanana kamar awaki. Sai ga 'yan ajinmu su biyar a kan tudu, har da wata yarinya da nake mutuwar so, wadda ba ta taɓa duban inda nake ba.

"Kai, ku dube shi can!" wani ya yi ihu.

Yanzu na ji masana na cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ce wa mutum dakata ba ya nuna sai an wuce shekara ashirin, kuma idon tsara yana ƙara rufe masa baki. Nawa dai ranar ko tari bai yi ba. Na kwance tsumma, na ɗaga damin sama ina kaɗawa ina kiran sunayensu. Gari rawaya ya tashi ya lulluɓe ni, suka yi tafi, yarinyar ma ta yi dariya. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Da na duba hannuna, tsinke ne kawai.

Baba bai zage ni ba. Ya shiga gonar maƙwabci ya roƙo ragowar fure, ɗan abin da zai ishi dabino uku. Na miƙa hannu in karɓa, ya cire takalmansa ya ba ni.

"Riƙe mini waɗannan."

Ya kama dabinon ya fara hawa, yana tsayawa a kowane taki yana jan numfashi.